Gawa 347 a Rami Ɗaya: Su Wa Ke Kwance a Mando?

Ranar 11 ga Afrilun 2016, Sakataren Gwamnatin Jihar Kaduna, Balarabe Abbas Lawal, ya zauna a gaban hukumar binciken da gwamnatinsu ta kafa kan rikicin soja da almajiran Shaikh Ibrahim Zakzaky a Zariya, ya faɗi abin da aka shafe wata huɗu ana ja-in-ja a kansa. Ya ce gwamnatin jiha ta binne gawa 347 a rami guda, a Mando, bayan garin Kaduna, a daren 14 ga Disambar 2015. Daga ciki, 191 an kwaso su ne daga barikin horar da kuratan soja na Zariya, wanda aka fi sani da Defo, sauran 156 kuma daga ɗakin ajiye gawa na Asibitin Koyarwa na Jami'ar Ahmadu Bello da ke Shika. Maganar nan ba daga bakin almajirin Zakzaky ta fito ba, ba kuma daga gidan rediyon Iran ba. Waɗanda suka haƙa ramin ne suka faɗa da bakinsu.

Ita kuwa rundunar soja, a gaban wannan hukumar dai, mutum bakwai ta amsa cewa ta kashe.

Ke nan tun 2016 aka rufe musu kan cewa an yi kisa, kuma ɗaruruwa aka kashe. Abin da ya rage a lulluɓe ya fi wannan nauyi. Su wane ne mutanen? Wa ya harbe su? Ina kuma sauran, waɗanda ba a gan su ba, ba a ga gawarsu ba?

Mutumin Daurawa, ko Gyadi-Gyadi, ko cikin Tarauni a Kano, bai san almajiran Zakzaky a labari ba, ganin ido ya yi musu. A shekarun da tattakin Arba'in ke da ƙarfi, ayarin kan fito daga cikin gari ya hau Titin Zariya, ya wuce ta gaban Asibitin Malam Aminu Kano, ya bi Unguwa Uku da Na'ibawa, ya nausa kudu zuwa Zariya, tafiyar kimanin kilomita 150 a ƙafa. Maza da mata da yara, baƙaƙen kaya, tutoci, 'yan hurras, wato masu tsaron ayarin, suna tsare gefe, hannu ɗaya na titi ya zama nasu. Mai adaidaita sahu ya yi tsaki, direban Zariya ya yi tsaki, wanda ya ɗauko mara lafiya zuwa asibiti ya fi kowa ƙuna. "Wa ya ba su titi?" ita ce tambayar da ake yi a majalisu da teburan mai shayi, kuma tambaya ce mai hujja. Wanda ya ƙi yarda da wannan ba zai taɓa gane dalilin da ya sa, da labarin Zariya ya iso Kano, mutane da yawa suka ɗaga kafaɗa suka ce "su suka ja wa kansu" ba.

A kan wannan titin, ranar 27 ga Nuwambar 2015, ɗan ƙunar baƙin wake ya kutsa cikin ayarin a Dakasoye, ya kashe mutum fiye da ashirin. Jagoran almajiran Kano, Shaikh Muhammad Mahmud Turi, shi ya yi wa manema labarai bayani a wurin. Bayan sati biyu shi ma yana cikin waɗanda aka kashe a Zariya.

Kafin a kai ga Disamba, akwai wata rana da ake yawan tsallakewa. Juma'ar ƙarshe ta azumin 2014, 25 ga Yuli, lokacin Isra'ila na ruwan wuta a Gaza, Harkar da Zakzaky ke jagoranta ta yi muzaharar Ƙudus a Zariya kamar yadda ta saba duk shekara. Sojoji suka buɗe wuta. Bisa ƙidayar Harkar, mutum 34 suka mutu, cikinsu har da 'ya'yan Shaikh Ibrahim Zakzaky uku: Ahmad, Hamid da Mahmud. Mutane sun fito nuna baƙin cikin abin da sojan mamaya ke yi wa Falasɗinawa, sojan ƙasarsu ya harbe su. Ba a gurfanar da kowa ba. Wanda ya ga an yi wannan an kwana lafiya, to ya san ƙofa a buɗe take.

Asabar, 12 ga Disambar 2015, Babban Hafsan Sojin Ƙasa, Laftanar Janar Tukur Yusuf Buratai, ya shigo Zariya don bikin yaye kuratan soja. A kan Titin Sakkwato, daidai Husainiyya Baƙiyatullah, cibiyar Harkar, ayarinsa ya tarar da hanya a tare. Almajirai sun taru don bikin sauya tuta na shigowar watan Mauludi. Bidiyon da soja suka fitar ya nuna hafsoshi sun sauko daga mota suna lallashi, matasa kuma na gardama, wasu riƙe da sanduna da makaman hannu. Wannan ya faru, ba abin ɓoyewa ba ne. Daga nan aka yi harbi, hanya ta buɗe, Buratai ya wuce lafiya. Kakakin soja, Kanar Sani Kukasheka Usman, ya ce yunƙurin kashe Babban Hafsan aka yi.

A nan ne ƙullin yake. A ce ma an yarda da duk abin da soja suka faɗa game da tare hanya. Hanya ta buɗe, wanda ake tsoron a taɓa ya tsira. To, me ya kai sojoji Gyallesu, unguwar da Zakzaky ke zaune, nesa da wurin da aka tare hanya? Me ya kai su Darur Rahma, maƙabartar Harkar da ke can Dambo, bayan gari? Abin da aka yi daga daren Asabar zuwa Litinin ba firgitar minti biyar ba ce ta sojan da ya ga an kewaye ubangidansa. Aiki ne da aka zauna aka tsara, aka tura runduna, aka datse unguwa, aka kwana biyu ana yi. Ƙungiyar Amnesty, a rahotonta na Afrilun 2016, ta kawo shaidar waɗanda suka ce an cinna wa wani gini wuta a Gyallesu da masu rauni a ciki. An harbi Zakzaky, ya rasa ido ɗaya, an harbi matarsa Zinatu, an kashe musu ƙarin 'ya'ya uku: Hammad, Ali da Humaid. 'Ya'ya shida ke nan daga ɗaki ɗaya cikin ƙasa da shekara ɗaya da rabi. Bayan ƙura ta lafa, katafilolin gwamnatin jiha suka bi Husainiyya da gidan Gyallesu da wasu gine-ginen Harkar suka share. Duk inda mai bincike zai durƙusa ya tsinci kwanson harsashi ko ya auna ramin da ya huda bango, an mai da shi fili.

Shugaba Muhammadu Buhari, a hirarsa da 'yan jarida ranar 30 ga Disamba, ya nuna abin da ya fi ɓata masa rai shi ne ganin matasa na dukan ƙirjin janar-janar, ya kuma ce ba za a yarda da gwamnati cikin gwamnati ba. Ya ce zai jira sakamakon bincike.

A dubi daren binnewar da kyau, don a nan aka yi aikin da har yau ya hana a gane komai. Jami'in da ya jagoranci aikin, Muhammad Namadi Musa, shugaban hukumar kula da harkokin addinai ta jihar a lokacin, shi ma ya ba da shaida. An loda gawarwakin a motoci daga Shika da Defo, aka yi tafiyar kimanin kilomita 80 zuwa Kaduna. An fara zubawa wajen sha biyun dare, aka gama wajen ƙarfe biyar na asuba, kafin gari ya waye. Akwai mata a ciki, akwai yara. An ƙirga su ana sawa a rami. Gwamnati ta ce ta samu takardar izini daga kotun majistare.

Awa biyar, mutum 347. Idan aka raba, kowace gawa ba ta samu cikakken minti ɗaya ba. Duk Bahaushe ya san abin da ake yi wa mamaci ko da almajiri ne da ba a san garinsu ba: a yi masa wanka, a sa shi a likkafani, a jera sahu a sallace shi, a kwantar da shi ta gefen dama yana fuskantar alƙibla, a jera itace ko tukwane, a rufe. Kafin duk wannan kuma, a yi cigiya. A nan ba a yi cigiya ba. Ba a kira dangi su zo su duba fuska ba, alhali iyaye na yawo tsakanin asibiti da bariki da ofishin 'yan sanda suna tambaya. Ba a bayyana sakamakon binciken likita kan ko gawa ɗaya ba, wanda da shi ne za a san wa aka harba ta gaba, wa aka harba ta baya, wa ya ƙone. Zariya ba ta rasa maƙabarta ba. Ɗauko gawa daga garinta a kai ta wani gari cikin dare, ba saurin cika sunnar binnewa ba ne.

Hukumar da Gwamna Nasiru El-Rufa'i ya kafa a Janairun 2016 na da mutum 13, ƙarƙashin Mai Shari'a Muhammad Lawal Garba na Kotun Ɗaukaka Ƙara, cikinsu akwai Farfesa Auwalu Yadudu da Farfesa Jibrin Ibrahim. Harkar ta ƙaurace mata. Ta ce wasu mambobin sanannun masu adawa da Shi'a ne, kuma an hana lauyoyinta ganin jagoransu. Ina ganin ƙauracewar ta cuci matattun, ko da hujjar na da ƙarfi, don ta bar zauren ba tare da muryar uwa ko ɗaya da za ta miƙe ta ambaci sunan ɗanta a rubuta ba. Amma ga abin lura: hukumar da ba ta ji ta bakin waɗanda aka kashe wa 'yan uwa ba, wadda kuma ta yi wa Harkar kaca-kaca kan raina hukuma da takura wa maƙwabta, ita ce dai ta rubuta cewa farar hula 348 suka mutu, da soja ɗaya, cewa soja sun yi amfani da ƙarfin da ya wuce kima, kuma a gurfanar da waɗanda ke da hannu. Ta nuna cewa umarnin kewaye wuraren ya fito ne daga babban kwamandan Runduna ta Ɗaya da ke Kaduna, Manjo Janar Adeniyi Oyebade. An fitar da rahoton a farkon Agustan 2016.

A Oktoba gwamnatin Kaduna ta haramta Harkar. A Disamba ta fitar da farar takarda, ta kira su 'yan tayar da ƙayar baya, batun sojoji kuma ta tura wa gwamnatin tarayya, tunda gwamna ba shi da iko a kan soja. Daga Abuja shiru kake ji, kamar an shuka dusa. A Agustan 2017 Muƙaddashin Shugaban Ƙasa Yemi Osinbajo ya kafa wani kwamitin ƙarƙashin Mai Shari'a Biobele Georgewill don duba yadda soja ke mu'amala da haƙƙin ɗan'adam a faɗin ƙasa. Ya miƙa rahoto a Fabrairun 2018. Ba a taɓa buga shi ba.

Cikin mutum 349 da hukumar ta lissafa, akwai guda da takardun gwamnati suka riƙe sunansa da muƙaminsa: Kofur Yakubu Ɗankaduna, sojan da ya mutu a rikicin. Ransa rai ne, iyalinsa ma sun yi rashi. Amma a kan ransa shi kaɗai aka gurfanar da almajirai sama da 200, kuma a cikin watan Afrilun da aka bayyana ramin Mando, lauyoyin gwamnatin Kaduna suka nemi kotu ta yanke wa 50 daga cikinsu hukuncin kisa. Sun yi shekaru a kurkuku kafin kotuna su sallame su rukuni-rukuni, a 2018 da 2020. Shi Zakzaky, wanda aka tsare tun bayan harbin, Mai Shari'a Gabriel Kolawole na Babbar Kotun Tarayya a Abuja ya ba da umarni ranar 2 ga Disambar 2016 a sake shi da matarsa cikin kwana 45, a biya su diyyar naira miliyan 50. Gwamnati ta ƙi. Sai ranar 28 ga Yulin 2021 Mai Shari'a Gideon Kurada na Babbar Kotun Kaduna ya wanke su daga dukkan tuhuma. A kan rayuka 348 kuwa, ko kurtu ɗaya bai tsaya gaban alƙali ba. Janar Oyebade ya zama kwamandan Makarantar Horar da Hafsoshi ta Kaduna, wadda mazauninta na Afaka ba shi da nisa da Mando. Buratai ya yi ritaya a Janairun 2021, aka naɗa shi jakada a Jamhuriyar Benin.

Wannan rabon, na masu suna da masu lamba, ya girmi Najeriya. A Fabrairun 1906 mutanen Satiru, kusa da Sakkwato, suka kashe Turawa uku, kuma littattafan tarihi sun adana sunayensu: Hillary, Scott da Blackwood. A watan Maris sojojin Lugga, jagoran Turawan mulkin mallaka, suka koma suka kashe kimanin mutum 2,000, suka rushe garin. "Kimanin" ita ce duk abin da talakawan Satiru suka samu. Sojan Najeriya jikan waccan rundunar ta mamaya ne, Defo ɗin Zariya ma tun 1924 Turawa suka kafa shi. Tuta ta sauya, amma ɗabi'ar shiga unguwa kamar garin da aka ci da yaƙi ba ta gama fita ba.

Mu a Kano muna da zafin zuciya kan Falasɗinu, kuma ya dace. To, mu dubi yadda irin wannan shari'a ke tafiya a can. Rachel Corrie, Ba'amurkiya 'yar shekara 23, ta tsaya gaban katafilar sojan Isra'ila a Rafah ranar 16 ga Maris 2003 don hana rushe gidan wani Bafalasɗine, katafilar ta bi ta kanta. Iyayenta suka kai ƙara suna neman diyyar dala ɗaya kacal. Kotun Haifa ta kori ƙarar a Agustan 2012, ta ce haɗari ne a fagen yaƙi, Kotun Ƙolin Isra'ila ta tabbatar a 2015. Sun faɗi, kuma zalunci ne. Amma kafin su faɗi, sai da direban katafilar ya zo kotu ya amsa tambayoyi, ko da yake ta bayan labule. Tom Hurndall, ɗan Ingila da aka harba a ka a Rafah ɗin dai a Afrilun 2003 yana ƙoƙarin janye yara daga wurin harbi, iyayensa sun matsa har sai da aka ɗaure sojan da ya harbe shi shekara takwas. Ba a can kaɗai ba: a garin Deri na Arewacin Ayilan ma, sojojin Birtaniya sun harbe masu zanga-zangar neman 'yanci 13 ranar 30 ga Janairun 1972. Binciken farko ya wanke sojojin cikin 'yan makonni. Iyalai suka ƙi haƙura, aka sake bincike, sai a Yunin 2010 Firayim Minista David Cameron ya miƙe a majalisa ya nemi gafara. Shekara 38.

Abin da ya riƙe waɗannan shari'o'i a raye ba tausayin hukuma ba ne. Kowane mamaci na da suna, da hoto, da kabari, da takardar likita, da uwa ko uba da ke da hurumin shigar da ƙara a madadinsa. Lauya ba ya shigar da ƙara a madadin lamba. Wanda ya zuba mutane a rami ɗaya ba tare da suna ba ya kashe shari'ar tun kafin a haife ta, ko ya yi da niyya ko bai yi ba.

Akwai kuma wahalar da ba ta shiga rahoto. Matar da mijinta ya tafi Zariya ranar Asabar bai dawo ba, mece ce ita? Ba a kawo mata gawa ba, ba wanda ya ce ya ga an sa shi a ƙasa. A fiƙihun Malikiyya, matar wanda ya ɓata takan kai ƙara gaban alƙali, a yanka mata jiran shekara huɗu, sannan ta yi takaba wata huɗu da kwana goma. Gadonsa ma ba a gaggawar rabawa. Banki na son takardar shaidar mutuwa, ofishin fansho na so, kuma asibitin da zai bayar ba shi da sunansa. Zaman makoki na kwana uku ne, a yi addu'ar bakwai da ta arba'in a watse. Wannan kuwa zama ne da ba a san ranar fara shi ba balle ta tashi.

Harkar ta fitar da jerin sunayen mutum sama da 700 da ta ce sun ɓata tun waɗannan kwanaki uku. Gwamnati ta amsa 347 a Mando. Tazarar ta kai ɗaruruwa. Ko dai jerin ya yi ƙari, ko akwai wani ramin da ba a faɗa ba, kamar yadda almajiran ke zargi. Abin mamaki, gwamnatin da za ta fi kowa amfana idan jerin ƙarya ne, ba ta taɓa ɗaukar sunayen ɗaya bayan ɗaya ta ce ga wane a raye, ga wane a kurkuku ba.

Mu ma nan ba mu tsira daga ganin irinsa ba. Ranar 14 ga Nuwambar 2016 ayarin tattaki ya sake hawa Titin Zariya, 'yan sanda suka tare shi wajen Kwanar Dawaki. Kwamishinan 'yan sandan Kano na lokacin, Rabi'u Yusuf, ya ce almajirai takwas da ɗan sanda ɗaya suka mutu. Harkar ta ce nata sun fi haka. Washegari kasuwa ta ci, motoci suka ci gaba da wucewa. A Yulin 2019 kotun tarayya ta ba gwamnati izinin ayyana Harkar a matsayin ƙungiyar ta'addanci, wanda ya sa ko tambayar sunayen ma ta zama abin da mutum zai waiga kafin ya yi. Mutum na iya ƙin aƙidarsu iyakar ƙi, ya ƙi tare titinsu, ya kuma yarda cewa hukuncin tare titi a dokar ƙasa tara ce ko ɗauri, a gaban alƙali.

Ba kuma asiri ne da ya gagari buɗewa ba. Asibitin koyarwa ba ya karɓar gawa 156 ba tare da an rubuta a littafi ba. Bariki ba ya fitar da harsashi daga rumbun makamai ba tare da wani ya sa hannu ba, kuma kowace runduna ta san sunan wanda ta tura aiki da ranar da ta tura shi. Kotun majistaren da ta ba da izinin binnewa na da fayil. Hotunan tauraron ɗan'adam da Amnesty ta buga sun nuna wurin da aka tona ƙasa a Mando a waɗannan kwanaki. A Bosniya, cikin mutum kusan 8,000 da aka kashe a Srebrenica a 1995 aka watsa a ramuka, an gano kusan 7,000 ta hanyar gwada ƙwayar halittar ƙashi da jinin danginsu, duk da cewa an tone wasu ramukan da katafila an sake binnewa don ɓatar da sawu. Ramin Mando guda ne, an san inda yake, dangin kuma suna Zariya da Kano da Katsina da Sakkwato, a shirye su ba da jini.

A dokar Najeriya laifin kisan kai ba shi da wa'adin da in ya wuce ba za a iya tuhuma ba. Gurfanar da soja aikin Abuja ne, gaskiya ne. Amma tone kabari da binciken musabbabin mutuwa aikin jiha ne, kuma babban lauyan gwamnatin Kaduna ba ya buƙatar izinin kowane janar kafin ya nemi kotu ta ba da wannan umarni.